Batirin da Ya Kwana a Jikin Jirgi

Ɗana, ajiye shi tukuna. Ba kan tebur ba, can ƙasa kan siminti, nesa da kwalayen nan. Yawwa. To, bari in maimaita abin da na ji daga bakinka, in na yi kuskure ka gyara mini.

Jiya bayan ka gama gwada ƙaramin jirgin nan na rimot, ka manta ba ka zare batirin ba, ya kwana a jone. Da safe ka sa shi a caja, caja ta yi ƙara ta ƙi karɓa. Ka auna ɗakunan batirin, wato sassa uku da aka haɗa a cikinsa, da mita, ɗaki na farko ya nuna volt 3.1, na biyu 2.9, na uku 1.8. Ka kuma ji ana cewa in aka juya caja zuwa NiMH, wato tsarin cajin wani irin batir daban, na 'yan mintoci sai batirin ya farfaɗo. Shi ne kake tambaya: "Oga, in tashe shi haka? Kuma me ya sa wannan batirin ya cika fitina, alhali wayar hannuna kullum a jone take kwana ba abin da ya taɓa samunta?"

Zan fara da tambaya ta biyu, don amsar ta farkon a cikinta take.

Batirin wayar hannunka da wannan na jirgi, wanda ake kira LiPo, 'yan gida ɗaya ne, duk litiyom ne ke kai da kawowa a cikinsu. Bambancin shi ne na wayar hannu yana da mai gadi. Akwai ɗan ƙaramin allon lantarki a manne da shi, ga kuma wani a cikin wayar kanta. In ya cika su tsayar da wuta, in ya kusa ƙarewa su kashe wayar, in ya yi zafi su rage caji. Kai kana barci, su suna aiki. Wannan da ke kwance a kan siminti kuwa ba kowa a ƙofarsa. Injin jirgi yana zuƙar amp talatin, arba'in, wani lokaci fiye da haka, kuma kowane giram na nauyi abin lissafi ne a sama, don haka aka bar batirin tsirara: ɗakuna, wayoyi, da ledar da ta rufe su. Akwai 'yan kaɗan masu allon gadi a ciki, kamar batiran jiragen kamfanin DJI, amma irin waɗanda muke aiki da su kullum ba su da shi. Aikin da allon nan yake yi a wayar hannu, a nan kai ne za ka yi shi, da idonka da mitarka da cajarka.

Ya kamata ka san abin da kake gadi. In da za a yanka ɗaki ɗaya, wanda turawa ke cewa sel, kuma kada ka kuskura ka yanka, za ka ga falle-falle ne aka jera kamar shafukan littafi. Falle ɗaya na jan ƙarfe ne da aka shafe da girafait, irin baƙin cikin fensir. Ɗaya na alminiyom ne da aka shafe da wani sinadari mai litiyom. A tsakaninsu akwai wata leda da ba ta kai kaurin gashin kanka ba, ita kaɗai ce ke hana su taɓa juna. Duka a jiƙe suke da wani ruwa mai saurin kama wuta. Ba gwangwani mai tauri da ya kare su, jaka ce mai laushi. Duk wata doka da zan gaya maka yau, manufarta kada siririyar ledar nan ta huje, kada ruwan nan ya yi zafi.

Kowane ɗaki yana da iyaka biyu. Sama 4.2, nan ne cikarsa. Ƙasa 3.0, nan ne bakin rami. Lambar 3.7 da suke rubutawa a jiki matsakaicin ƙarfinsa ne kawai. Harafin S yana gaya maka ɗakuna nawa aka jera: 2S a cike 8.4 ne, 3S irin naka 12.6, 4S 16.8, 6S kuma 25.2. Waɗannan lambobin ka haddace su kamar sunanka.

To me ya faru da naka cikin dare? Na'urar da ke sarrafa gudun inji, wato ESC, tana da dabarar rage wuta ko yanke ta in batir ya yi ƙasa, shi ya sa mutane suke zaton ta ishe su tsaro. Amma injin kawai take yanke wa. Ita kanta da na'urar da ke karɓar saƙon rimot suna ci gaba da tsotsa kaɗan-kaɗan. Batirin da dama ka riga ka sha mafi yawansa a tashi, tsotson dare ɗaya ya isa ya jefa shi rami. Ɗakin da ya fi rauni shi ya fara faɗawa, ga shi nan 1.8.

Idan ɗaki ya faɗi can ƙasa haka, ya kuma daɗe a wurin, jan ƙarfen cikinsa yana iya fara narkewa cikin ruwan. Ba za ka gani ba, ba zai yi wari ba, ba lallai ma ya kumbura ba. Sai ranar da ka mayar masa da wuta, narkakken jan ƙarfen ya sake daskarewa inda bai kamata ba, ya yi 'yan ƙayoyi. Ƙaya ɗaya ta huda ledar nan, wuta ta haɗu a ciki. Yana iya zama yau a kan caja, yana iya zama bayan caji goma, cikin jaka, a bayan mota, ko a ɗakin da yara suke kwana. Cajar da ta yi maka ƙara ba lalacewa ta yi ba, gaskiya ta gaya maka.

Dabarar NiMH kuwa, ba zan ɓoye maka ba, ana yin ta. Wanda ɗakinsa ya ɗan zame zuwa 2.9 ko 2.8 na ɗan lokaci, akwai masu ba shi 'yar wuta kaɗan suna tsaye a kansa da mita, da ya haura 3.0 su mayar da caja kan LiPo. Wani lokaci batirin ya ci gaba da aiki, ko da yake ba ya komawa yadda yake. Amma ka fahimci haɗarin. Cajar da ke kan NiMH tana gane cikar batir ne ta wata 'yar alama: in NiMH ya cika, volt ɗinsa yakan ɗan sauka. Wannan saukar take jira. LiPo kuwa ba ya yin haka. Zai wuce 4.2, ya wuce 4.5, caja tana ta ɗura masa tana jiran alamar da ba za ta zo ba. Wani ya kira ka a waya, ka juya baya, shi ke nan. Ga mai ɗaki 1.8 ma babu zancen. Wannan batirin ya gama aiki, kuma ba za mu ba wa kowa shi ba, ko kyauta.

Na ga fuskarka. E, asara ce. Amma ka auna ta da rufin da ke kanmu.

Tunda mun zauna, bari in bi da kai yadda ake caji tun daga farko, don na lura kana danna maɓalli da sauri kamar mai tura saƙo. Kafin ka taɓa caja, ɗauki batirin ka juya shi a hannu. Ya kumbura? Ledar ta yage? Wata waya ta saɓule? Akwai wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar na ruwan goge farce? In akwai, ruwan ciki ne ke yoyo, ajiye shi waje. In lafiya, sai ka dubi fuskar caja ka karanta da baki: LiPo take kai? Don akwai wasu irin batira: akwai LiHV, wanda cikarsa 4.35 ce, akwai LiFe mai 3.6. In ka yi wa LiPo cajin LiHV ka wuce iyaka a kowane ɗaki. Sannan adadin S. Caja mai kyau takan ƙirga da kanta ta nuna maka abin da ta gani kusa da abin da ka zaɓa, ta jira ka amince. In lambobin biyu ba su yi daidai ba, kada ka danna, nemo dalili.

Sai amp. Ƙa'idar da ba ta ba da kunya ita ce 1C: ka raba mAh, wato lambar da ke jikin batir mai nuna yawan wutar da yake ɗauka, da dubu. Batir mai 2200 amp 2.2 ke nan, mai 5000 amp 5, mai 850 kuma 0.8 ya ishe shi. Zai ɗauki kusan awa ɗaya ko ya ɗan gota. Za ka ga wasu an rubuta musu suna ɗaukar 2C har 5C. Suna ɗauka, amma ni ban ga abin da ake wa gaggawa ba. Wanda ke son tashi ba tsayawa, ya ƙara yawan batira.

Yanzu zo ga wannan farin filogin mai siraran wayoyi, wanda yara da yawa suke bari yana lilo. Ƙirga wayoyinsa. Huɗu, ko? Kullum adadin ɗakuna ne da ƙarin ɗaya. Ta nan ne caja take leƙa kowane ɗaki shi kaɗai. In ka jona babban filogi kawai, jimla take gani. A ce ɗaki biyu suna 4.1, na uku ya kai 4.4. Haɗa su. 12.6 ne cif. Caja za ta yi ƙararta ta murna ta ce an cika, alhali ɗaki ɗaya ya wuce iyaka da nisa. Kamar tuluna uku ne kake cikawa da tiyo ɗaya a cikin duhu, kana auna ruwan da ya fita daga famfo, ba ka san ɗaya ya daɗe da ambaliya ba. Ɗakin da aka cusa wa fiye da ƙima, litiyom yakan taru a fuskar girafait a matsayin ƙarfe maimakon ya shige ciki, ɗaya ɓangaren kuma ya fara lalacewa yana sakin iskar oksijin. Ga mai, ga iska, ga zafi, duk a jaka ɗaya. Shi ya sa wutar LiPo take da wuyar kashewa, guzurinta a jikinta yake. Don haka kullum ka jona farin filogi ka zaɓi cajin daidaitawa, wato balans. A ƙarshe ɗakunan su tsaya kusa da juna, bambancin bai wuce 0.01 ko 0.02 ba. In ka ga ɗaki ɗaya kullum yana baya, caja tana ta fama da shi tana ɓata lokaci, to ya fara tsufa, sa masa ido.

Za ka lura da farko amp yana tsaye volt yana hawa, da ya kai 4.2 sai volt ya tsaya amp ya riƙa sauka. Haka tsarin yake. Jinkirin ƙarshen nan ba matsala ba ce.

Inda ake caji kuwa, kan siminti ko tayil, ba katako, ba katifa, ba kujerar mota, ba kusa da fetur ko labule ba, kuma ba a bakin ƙofar da za ka bi in gudu ya kama. Jakar nan ta LiPo tana da amfani, tana tare harshen wuta na ɗan lokaci, amma hayaƙi zai fita, kuma babban batir yana iya cin ƙarfinta. Akwatin ƙarfe ya fi, da sharaɗin kada ya rufe ruf. In iska ba ta da mafita, akwatin da kansa zai zama abin tsoro, shi ya sa masu amfani da irin akwatin harsashi suke cire robar murfinsa. Bokitin yashi ya zauna kusa. Babbar doka kuma: batir yana caji, kai kana wurin, a farke. Ba a jona shi a tafi aike, ba a jona shi a kwanta. Lokaci-lokaci ka ɗora bayan hannunka a kai. A 1C bai kamata ya yi zafi ba. In ya yi, ko ka ga yana tasowa, zare wuta ka fitar da shi waje.

Zafi da sanyi duk abokan gabarsa ne. Wanda ya sauko daga tashi da ɗumi, bar shi ya huce kafin caji. In ya haura digiri 60 a ma'aunin Selshiyos yana cutuwa, kuma motar da aka rufe a rana tana iya kaiwa nan. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa kuma, ba a yi masa caji ƙasa da digiri 0, don litiyom zai taru a fuskar girafait kamar yadda na faɗa maka.

Abin da ke kashe yawancin batira ma ba gobara ba ce, kwaɗayin minti ɗaya ne a sama. Kada ka jira sai inji ya yi sanyi kafin ka sauko. Ka sha kashi 80 cikin ɗari, ka bar masa 20. Yadda za ka gane kuwa mai sauƙi ne: caja tana nuna mAh nawa ta mayar. In mai 2200 ne, kada abin da ta mayar ya wuce wajen 1760. Ya wuce, rage lokacin da ka saita a agogon rimot. In ka auna bayan ya huta, kowane ɗaki ya kasance wajen 3.7 zuwa 3.75. Ita kuma babbar lambar C da suke bugawa a jiki, 30C ko 50C ko 100C, ma'anarta amp nawa zai iya bayarwa: 2200 mai 30C amp 66 ke nan a takarda. Ni dai ban cika yarda da manyan lambobin nan ba, talla ta yi yawa a ciki. Hannuna na fi yarda da shi. Batirin da ya sauko ba ka iya riƙe shi don zafi, an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, ko me aka rubuta.

Ajiya ma ilimi ce. A cike yana tsufa da wuri, a wofi yana zamewa rami. In ba za ka yi amfani da shi cikin kwana biyu ko uku ba, kai shi 3.8 zuwa 3.85 a kowane ɗaki. Caja tana da wurin yin haka, za ta ƙara ko ta rage da kanta. Ka sa tef a bakin filogi, ka ajiye a inuwa, duk wata ɗaya ko biyu ka leƙa da mita.

Wanda ya kumbura fa? Ruwa ba ya tsami banza. Iskar da ta cika jakar daga lalacewar ruwan ciki ta fito, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Za ka ji masu cewa a huda da allura a fitar da iska, ko a danne da katako, ko a sa a firji. Kada ka bi ko ɗaya. Ɗan laushi kaɗan a tsohon batir, ana iya lallaɓa shi a ƙaramin aiki ana sa ido. Wanda ya yi tumbi har ba ya kwanciya daidai a tebur, sallame shi. Haka in jirgi ya faɗi ko mota ta daki bango: zare batirin, ajiye shi a fili na rabin awa kana kallo kafin ya shiga jaka, don lahanin ciki ba lallai ya nuna nan take ba. In ya lotse ko ya lanƙwashe, kada ka miƙe shi.

Kalli bakin filayar can da ke rataye. Ka ga inda ya ci? Ni na yi shi, ina sabon shiga kamar kai. Zan canza filogi, sai na kama ja da baƙi na datse su tare. Ƙarfen filayar ya haɗa su. Na ga walƙiya, na ji ƙara, wayoyin suka yi zafin da roba ta narke a yatsuna. Allah ya kiyaye batirin bai tashi ba. Na bar filayar a nan don in riƙa tunawa. Waya ɗaya ake yankewa, a narka mata dalma, a rufe ta tsaf, sannan a taɓa ta biyu. Filogin da ramukansa suke ɓoye shi ake sa wa a ɓangaren batir, ko XT60 ne ko wani. Zobe da agogon ƙarfe kuma a cire su. Zoben da ya haɗa wayoyin nan yana iya yin ja a yatsanka kafin ka iya zare shi.

Allon da ake jona batira da yawa a caja ɗaya, bar shi sai gaba. Yana buƙatar adadin S iri ɗaya da volt kusan ɗaya, in ba haka ba cikakken zai afka wa wanda yake wofi da ƙarfi. Ba yau ba.

In kuma, Allah ya kiyaye, ya kama: zare caja daga bango in za ka iya ba tare da ka matso ba, kada ka ɗauke shi da hannu, kada ka shaƙi hayaƙin, don akwai guba a ciki mai ƙona huhu. Juye masa yashi, kare abin da ke kewaye, buɗe ƙofa da taga, ka fita. Ɗakunan sukan tashi ɗaya bayan ɗaya, don haka shirun farko ba ƙarshe ba ne. In ta kama wani abu a ɗakin, kira 'yan kwana-kwana, ba jarumtaka. Kada ka ga kamar mu ƙananan masu sana'a ne kawai abin ke ba wa wuya. A 2013 an dakatar da jiragen Boeing 787 daga tashi saboda batiran litiyom, a 2016 kuma Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda suna kamawa. Waɗannan fa da injiniyoyinsu da allunan gadinsu. Shi ya sa in za ka hau jirgin sama da batira, a jakar hannu ake riƙe su, ba a kayan da ake lodawa ƙasa ba, kuma in ɗaya ya wuce Wh 100, wato ma'aunin yawan wutar da ke cikinsa, sai da izinin kamfanin jirgin. Lissafin volt ne sau amp-awa: naka 11.1 sau 2.2, wajen 24, ba matsala. Mai 6S 5000 kuwa 111 ne, ya haura.

To, koma kan majinyacinka. Ba a jefa shi a shara da sauran wuta a jikinsa, don motar shara tana matse kaya. Jiƙa shi a ruwan gishiri da wasu ke yi ma ban aminta da shi ba, sau da yawa gishirin yakan cinye bakin ƙarfen ya yanke hanya, wutar tana nan a ciki. Ɗauko ƙaramin ƙwan fitilar mota mai volt 12 a aljihun tebur na ƙasa, akwai wanda na riga na sa wa filogi. Kai batirin waje, kwantar da shi a bokitin yashi, jona ƙwan. Zai yi haske ya dushe ya mutu, amma bar shi a jone har gobe. Da safe ka auna. In mita ta nuna sifili, sai mu yanke filogin, waya ɗaya bayan ɗaya, mu murɗe ja da baƙi tare, mu kai shi inda ake karɓar matattun batira.

In ka dawo, kwaso mini sauran ukun da ke cikin jakarka. Na san tun ranar da muka yi gwajin farko suke a cike.